A Watan Agusta Kowa Zakara Ne

Akwai wata guda a shekara da babu ƙungiyar ƙwallon da ta fi wata a bakin magoya bayanta. Watan Agusta ke nan, kafin a busa usur na farko. Teburi fes yake, kowa makinsa sifili. Wanda ya sha kashi bara ya manta, wanda ƙungiyarsa ta sayi sabon ɗan wasa gani yake kofi ya riga ya shigo gida. A wannan watan ne za ka ji mai goyon bayan ƙungiyar da ta yi shekara ashirin ba ta ga kofi ba yana rantsuwa cewa bana tasu ce, kuma in ka dubi idonsa za ka tabbatar ba raha yake yi ba.

A unguwarmu ta Habbena, cikin gunduma ta bakwai a Njamena, wannan wata yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Hanyoyi sun cika da ruwa da taɓo, kasuwa ta yi sanyi, masu kilando, wato abin da Kano ke kira acaɓa, Maraɗi ke kira kabu-kabu, sun ƙara kuɗi. Da yamma mutum ba shi da wurin zuwa sai majalisa, kuma hira biyu ce a can: ko kogin Shari zai yi ambaliya bana, da wa zai ɗauki Firimiya. Duka biyun hasashe ne. Bambancin kawai, na farko ana yin sa da sassauta murya da "Allah Ya kiyaye", na biyu kuwa da ɗaga murya da buga benci.

Majalisarmu mu goma sha biyu ne in an cika. Akwai teloli biyu, akwai mai sayar da kayan babur, akwai malamin makarantar allo, akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana safarar kaya tsakanin Maiduguri da Kusuri da nan, akwai samari. Yawancinmu Hausawa ne, jikokin waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Damagaram da niyyar Makka, suka yada zango a Fort-Lamy, kamar yadda ake kiran garin kafin 1973, zangon kuma ya zama gida. Abin da ya daɗe yana haɗa mu faɗa shi ne, duk ƙarshen kaka sai kowa ya zama gwani. Da an ɗauki kofi za ka ji mutum na cewa, "Ai ni tun farko na faɗa." Wanda muka ji da kunnenmu yana yi wa ƙungiya dariya a Agusta, shi ne zai fi kowa rantsuwa a Mayu. Da abin ya ishe mu, a Agustan 2011 muka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda mu a nan muke kira kaye. Aka damƙa mini shi saboda ni ne malamin boko a cikinsu, da sharaɗin mai riƙe da kaye ba ya hasashe, domin alƙali ba ya shiga gardama.

Dokar mai sauƙi ce. Kafin wasan farko na kaka kowa zai faɗi zakaran Ingila, na Sifen, na Faransa da na kofin Zakarun Turai, ya faɗi ƙungiyoyi uku da za su faɗa gasar 'yan dagaji a Ingila, da wanda zai fi cin ƙwallaye, da kocin da za a fara kora. In rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ba gyara, ba gogewa. Ba a buɗe kaye sai an yi wasan ƙarshe na Zakarun Turai, lokacin da zafin Njamena ya gama gasa mu. Da farko wasu sun so a ce wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi naman walima. Malamin allo ya ce atafau. Ya ce duk abin da za a ce wani ya fitar da kuɗi saboda faɗuwarsa wani ya ci saboda dacensa, ƙanen caca ne, kuma ƙane yakan girma. Aka tsaya a kan karo-karo, kowa ya kawo daidai da na kowa, a sayi balangu da karkanji, wato zoɓo. Wanda ya zo na ɗaya a kira shi Sarkin Hasashe har shekara ta zagayo. Na ƙarshe shi ke dafa shayi ranar, ya wanke kofuna, ya sha ba'a. Iyakar abin da ake ci ke nan, iyakar abin da ake asara ke nan.

Shekarar farko ma kayen ya nuna halinsa. A 2011 ne 'yan Ƙatar suka sayi Paris Saint-Germain suka fara zuba kuɗi, don haka kusan kowa Paris ya rubuta, 'yan kaɗan suka ce Marseille ko Lyon. Sai ga Montpellier, wadda ta ƙare a ta 14 a kakar da ta gabata, ta ɗauke kofin da maki 82, Paris na biye da 79. Olivier Giroud ya ci ƙwallo 21, kuma a wasan ƙarshe da Auxerre ɗan Najeriya John Utaka ne ya ci duka biyun da suka tabbatar da kofin. Ranar buɗe kaye na karanta shafin Faransa tun daga sama har ƙasa, babu Montpellier ko a gefen layi.

Mutum ɗaya ne bai rubuta Paris ko Marseille ko Lyon ba, shi ne dattijon nan ɗan kasuwa. Shi Nantes ya ce. Muka ce, "Alhaji, Nantes fa tana rukuni na biyu, ba ta cikin gasar." Ya ce, "Ku dai rubuta." Haka ya sake yi a shekara ta biyu, sai a 2013 ƙungiyar ta dawo rukunin farko. Wanda bai san Chadi ba zai ɗauka rikicin tsufa ne. Ba haka ba ne. A Nantes ne Japhet N'Doram ya yi wasa daga 1990 zuwa 1997, ɗan ƙasar nan da ya taso a Tourbillon ta Njamena, ya bi ta Tonnerre ta Yawunde, ya je Faransa har suka laƙaba masa sunan Matsafi. Da shi Nantes ta ɗauki kofin 1995, wasa ɗaya tak ta yi rashin nasara a cikin 38. A shekarun da ba a ambatar Chadi a rediyon duniya sai in ana maganar yaƙi, sunan N'Doram ne yake sa a ambace ta da alheri. Alhaji yana cikin waɗanda suka bi wasannin nan da kunne manne a jikin rediyo. Rabon Nantes da kofin gasar tun 2001, amma har gobe ita yake rubutawa. Ya dafa mana shayi ya fi a ƙirga, bai taɓa nuna damuwa ba. Ranar da ta ɗauki kofin ƙalubalen Faransa a 2022, da Moses Simon a cikinta, rago ya yanka. A wurinsa na fara gane cewa mai hasashe sau da yawa ba gobe yake ba ka labari ba, kansa yake ba ka labari.

Shafin da muka fi komawa kansa shi ne na Agustan 2015. Chelsea ce ke riƙe da kofin Ingila, José Mourinho na kan kujera. Leicester City kuwa da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta gabata, sai da ta ci wasa bakwai cikin taran ƙarshe. Ta ɗauko Claudio Ranieri, kocin da ƙasar Girka ta kora bayan tsibiran Faro sun doke ta har gida. Kamfanonin caca na Ingila, waɗanda sana'arsu ke nan, suka ce duk wanda ya sa fam 1 cewa Leicester za ta ɗauki kofi, in haka ta faru zai karɓi fam 5,000. A kayenmu sunan Leicester ya fito sau da dama, amma a layin waɗanda za su faɗi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Jamie Vardy, wanda aka sayo daga Fleetwood Town a 2012, ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere. N'Golo Kanté da aka ɗauko daga Caen da Riyad Mahrez da aka ɗauko daga Le Havre suka zama abin kallo. An kori Mourinho a Disamba, Chelsea ta ƙare a ta 10, Leicester ta ɗauki kofi da maki 81, tazarar 10 tsakaninta da Arsenal. Agusta na zagayowa, wasu a majalisa suka ce sun gano sirri, ga shi an ƙaro Ahmed Musa daga CSKA Moscow, suka rubuta Leicester. Ta ƙare a ta 12, Ranieri ma bai kai ƙarshen Fabrairu ba.

A wannan shekarar ta 2016 ne kuma muka ga yadda lissafi yake rushewa ba tare da an taɓa ƙwallo ba, kuma a ƙofar gidanmu. A neman shiga gasar kofin Afirka ta 2017, Chadi da Najeriya da Masar da Tanzaniya rukuni ɗaya suke. Najeriya ta doke Sao, ƙungiyar ƙasarmu, da ci 2 da nema a Kaduna a Yunin 2015. A ranar 25 ga Maris 2016 ta yi kunnen doki da Masar, 1 da 1, a Kadunan dai. 'Yan'uwanmu na Kano da Maiduguri suna ta lissafi cewa ko Masar ta wuce, akwai ƙofar waɗanda suka zo na biyu da maki mai yawa. Kwana biyu kafin wasan Iskandariya, sai Chadi ta sanar da janyewa daga gasar saboda rashin kuɗi. Aka soke duk sakamakon wasanninta, makin Najeriya uku suka bi ruwa, rukunin ya koma na ƙasa uku, ƙofar ta biyu ta rufe. Masar ta ci 1 da nema, Najeriya ta zauna gida. A makon nan wayoyin Habbena ba su huta ba. Dangi na bugowa suna cewa, "Ku da ba ku taɓa zuwa gasar ba, kun hana mu zuwa." Babu masanin da ya sa aljihun hukumar ƙwallon Chadi a cikin hasashensa, alhali shi ne ya yanke hukuncin.

Har zuwa nan ƙwallon Turai da ta Afirka kawai kayen ya sani. Sabon shafi ya shigo ne ta hannun ɗan yayata, wanda ya tafi Amurka yana tuƙin mota a birnin Filadelfiya. Yana cikin majalisa kafin ya tafi, kuma bai yarda a cire sunansa ba. A Agustan 2017 ya aiko saƙon murya ta WhatsApp, bayan ya gama jera nasa na Turai ya ce, "Kawu, a ƙara mini layi ɗaya. Zakaran NFL, Philadelphia Eagles." Muka tambayi mece ce NFL. Ya ce gasar zari-rugar Amurka ce, wadda su can suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu ake yin mafi yawanta. Ƙwallon kamar ƙwai take, a ɗauka a ruga ko a jefa, 'yan wasa sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa, goma sha ɗaya a kowane ɓangare. Ƙungiyoyi 32 ne. A tsarin yanzu kowacce wasa 17 kacal take yi daga Satumba zuwa farkon Janairu, 14 su wuce zagayen sili-ɗaya-ƙwale, biyu su haɗu a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl a Fabrairu. A agogonmu ƙarfe sha biyu da rabi na dare ake farawa, shi ya sa ba kowane gidan kallo ke ƙona man janareto a kansa ba.

Abin da ya ja hankalina da na bi diddigin gasar shi ne, da gangan aka gina ta don kada wani ya daɗe a sama. Babu faɗawa rukunin ƙasa. Duk watan Afrilu ana rabon sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, kuma ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa bara ita ke fara zaɓa. Akwai kuma iyakar kuɗin albashi da babu ƙungiyar da za ta haura, komai arzikin mai ita. Ka ga ke nan ba a yin irin abin da Paris ke yi a Faransa ko Bayern Munich a Jamus. Duk da haka, babu ƙasar da ta kai Amurka ɗaukar hasashen kafin kaka da muhimmanci. Jaridu da gidajen talabijin suna jera ƙungiyoyin daga ta 1 zuwa ta 32, tsofaffin 'yan wasa suna zama cikin kwat suna gardama, ana sa kwamfuta ta buga kakar gaba ɗaya sau dubbai kafin a buga ta sau ɗaya a fili. Majalisarmu ce dai, sai dai tasu tana da na'urar sanyaya ɗaki da albashi.

Kuma abin da ke samun kayenmu yana samun nasu. Misalin da suka fi bayarwa shi ne na St. Louis Rams. A 1998 wasa 4 ta ci, aka doke ta 12. Ta ɗauko Trent Green ya zama madugunta, wato mai jefa ƙwallo, wanda a wasan nan kusan komai a hannunsa yake. A wasan share fage na Agustan 1999 gwiwarsa ta lalace. Aka sa Kurt Warner, mutumin da shekaru kaɗan kafin nan yake jera kaya a wani kanti a jihar Iowa. Rams ta ci wasa 13, ta doke Tennessee Titans 23 da 16 a wasan ƙarshe a Janairun 2000, Warner ya zama gwarzon shekara. Akasin haka kuma ya faru a 2023. New York Jets ta ɗauko Aaron Rodgers, wanda sau huɗu yana zama gwarzon gasar, aka yi ta yi mata kirari duk tsawon bazara. Ranar 11 ga Satumba, a wasan farko, a taɓa ƙwallo na huɗu, agararsa ta tsinke. Wata biyar ana rubutu a kan abin da bai kai minti biyar ba. Jets ta ƙare da nasara 7, rashin nasara 10.

To, ɗan yayata fa? Eagles ɗin da ya rubuta ita ce ta ƙarshe a rukuninta a kakar 2016. A 2017 ta tashi da ƙarfi, sai a Disamba madugunta Carson Wentz ya ji rauni a gwiwa, kowa ya ce shi ke nan. Mai jiran gado Nick Foles ya karɓa, ya kai ta wasan ƙarshe, ranar 4 ga Fabrairun 2018 suka doke New England Patriots ta Tom Brady 41 da 33. Karon farko ke nan da Eagles ta ɗauki Super Bowl, kuma a cikin 'yan wasanta akwai Nelson Agholor, haifaffen Legas. Yaron ya bugo waya da asuba muryarsa a dishe. Tun daga nan duk shekara Eagles yake rubutawa. Ko a Agustan 2018, lokacin da aka toshe kafofin sada zumunta a Chadi, sai da ya sayi kati ya kira don kada layinsa ya zauna fayau. Ya sake dacewa a Fabrairun 2025, da Eagles ta lallasa Kansas City Chiefs 40 da 22, ta hana ta zama ƙungiya ta farko da ta ɗauki kofin sau uku a jere. Na taɓa tambayarsa me ya gani a 2017 da masana ba su gani ba. Ya ce, "Kawu, ban ga komai ba. Fasinjojina ne duk koriyar riga suke sawa." Shi da Alhajin Nantes tafiyarsu ɗaya, sai dai shi ya faɗo garin da ake cin kofi.

In ka karanta kayen daga farko zuwa yau, abu uku za ka gani. Na ɗaya, mafi yawan hasashe teburin bara ne aka sake wa riga. Na biyu, abin da ke karya shi ba ya cikin jarida a watan Agusta: gwiwar da za ta gurɗe, rigimar da ke ɗakin sauya kaya, asusun da babu kuɗi. Wa ya san Rodri zai ji rauni a Satumban 2024, Manchester City da ta ɗauki kofi huɗu a jere ta koma ta uku? Na uku, inda hasashe ke yawan dacewa, kamar a ce Paris a Faransa, ba ya buƙatar gwaninta, yaron da ke tallar ruwan sanyi ma zai faɗa maka. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma daɗin kallon ke nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da labarin nishaɗi ne kawai. Amma akwai wani saurayi a majalisarmu, ɗan kilando, maraya, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Ban taɓa ganin mai riƙe ƙwallo a ka kamarsa ba. Zai faɗa maka wanda ke jinya a Getafe da wanda aka dakatar a Brest. Shekara biyu a jere shi ne Sarkin Hasashe. Sai abokansa na tashar babur suka fara ce masa, kai da ka san ƙwallo haka, me kake jira kana bin taɓo da babur ɗin wani? Ba sai ya je shago ba, a waya ake yi, da kuɗin da ke cikin layin waya. Ya fara da sefa 500. A makonnin farko ya taɓa cin kuɗin da ya fi abin da yake samu a kwana goma, kuma wannan cin shi ne ya fi kowace asara cutar da shi. Daga nan kuɗin cefane ya shiga, kuɗin da yake kai wa mai babur kullum ya shiga, ya ci bashi don ya mayar da abin da ya tafi. Ƙarshenta ya jinginar da babur ɗin da ba nasa ba.

Kafin abin ya kai haka na zaunar da shi wata rana bayan la'asar. Ya miƙo mini waya yana cewa, "Kawu, duba ka gani. Wasa goma na haɗa, tara sun shiga. Ɗaya ne kawai ya yanke ni. Saura ƙiris." Na ce, "Ɗana, kawo alƙalami." Na ce masa mu ɗauka kai gwani ne na gaske, cikin kowane wasa goma kana dacewa a bakwai, abin da ba kowane masani ke iyawa ba. In ka haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, dole duka su shiga. Lissafi ya nuna cikin tikiti 100 irin wannan, waɗanda za su fita lafiya ba su kai 3 ba. Waɗanda tara za su shiga ɗaya ya yanke kuwa sun kai 12. Wato wannan "saura ƙiris" ɗin da kake gani kamar alamar nasara ta kusa, sau huɗu zai riƙa zuwa maka kafin cin ya zo sau ɗaya. Ba tsautsayi ba ne, haka aka ƙera abin, kuma shi ke dawo da kai gobe. Sannan ko a wasa ɗaya ba a biyan ka daidai. In abu biyu ƙarfinsu ɗaya, adalci shi ne ka sa 1,000 ka karɓi 2,000. Su sai su ba ka, a misali, 1,900. Wannan ɗarin da aka gutsure, a tikitin wasa goma sau goma ake gutsure ta. Me ya sa ake haɗa goman tun farko? Saboda hasashen da ke da sauƙi, irin na Paris za ta ci, ba ya biyan abin kirki. Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "Amma Kawu, ai akwai masu ci." Na ce akwai, kuma hotonsu ake nuna maka. Na sauran ba a ɗauka.

Ba matsalar Habbena kaɗai ba ce. A Amurka, tun da kotun ƙoli ta soke dokar da ta hana cacar wasanni a Mayun 2018, tallar caca ta shiga cikin shirye-shiryen hasashen kansu, har NFL ta dakatar da Calvin Ridley kakar 2022 gaba ɗaya saboda caca. A Ingila an dakatar da Ivan Toney wata takwas, hukumar ƙwallon Italiya kuma ta dakatar da Sandro Tonali wata goma, duk a 2023. Waɗannan su ne cikin fili, sun fi kowa sanin wasan, ilimin bai tsare su ba. A Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca a Oktoban 2024. Ana iya garƙame shago, amma wanda ke cikin aljihun yaro fa, wa zai sa masa kwaɗo?

Ranar da maganar babur ta fito fili, mahaifiyar yaron ta zo har majalisa, abin da mace ba ta saba yi ba. Ta tsaya daga nesa ta gaida Alhaji, ta ce, "Alhaji, ku ne iyayensa. A nan aka fara ce masa sarki." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta juya. Muka yi karo-karo aka fanso babur aka mayar wa mai shi, sauran ya zama bashi a wuyan yaron. A daren nan Alhaji, mutumin da ya fi kowa son kayen, ya ce a ƙone shi. Hujjarsa ita ce mu muka kumbura wa yaron kai. Wasu suka goyi bayansa. Malamin allo ya ce shi dai hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, kayen kuwa babu kuɗi a cikinsa, amma a duba maganar uwar da kyau. Ni na ce kada a ƙone. Duk unguwar nan, daga allunan talla zuwa wayar hannu, abu ɗaya ake gaya wa samari, cewa wanda ya san ƙwallo zai iya sanin gobe. Wuri ɗaya ne aka ajiye shaidar cewa ƙarya ne, da sa hannun kowa a ƙasa, shi ne wannan kaye. Na buɗe shafukan shekara biyun da yaron ya zama sarki, muka ƙirga tare. Ko rabin tambayoyin bai ci ba. Ya zo na ɗaya ne saboda sauran sun fi shi ɓata.

Aka bar kayen, aka sauya abu biyu. An daina naɗa Sarkin Hasashe, mai dafa shayi kaɗai ya rage. Ranar buɗewa kuma ba shafin bana kawai ake karantawa ba, ana farawa daga Montpellier, a bi ta kan Leicester, a kira samarin layin su zauna su ji yadda iyayensu suka yi ta rantsuwa a kan iska. Yaron yana aikin wankin babur yanzu, duk Juma'a yana rage bashinsa. Bai rubuta komai ba a kakar da ta biyo baya, amma da kansa ya karɓi butar shayi.

Ga masu majalisa irin tamu, a Fagge ne ko Sabon Garin Zariya, a Zangon Kumasi ko Damagaram, shawarata ku sayi kaye. Ku rubuta abin da kowa ya faɗa, ku ajiye, ku buɗe a gaban yara. Ku yi gardama iya son ranku, ku yi wa juna ba'a har wata tara, amma kada ko dala ta shiga tsakani. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa abin da muke kallo don nishaɗi kada ya zama sanadin kukan iyaye mata.